Hatsarin Jirgin Ƙasa na Armagh, 1889: Darasi a Kan Gangara, Birki da Dannin Iska

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ganin babbar mota ta mutu a kan hawa ya san abin da karen mota yake fara yi. Tun direba bai ce uffan ba zai dira, ya nemo waigi ko wani ƙaton dutse, ya tokare tayar baya don kada motar ta gangaro. Sau da yawa wannan dabara takan yi amfani. To, a ranar Laraba 12 ga watan Yuni na shekarar 1889, wasu ma'aikatan jirgin ƙasa a tsibirin Ayalan sun yi irin wannan dabara ga taragai 10 da ke maƙare da mutane, da yawansu yara 'yan makaranta. Duwatsun suka farfashe, taragan suka gangaro, mutum 80 suka rasa rayukansu.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda abin ya auku, sannan ta yi bayanin dalilansa ta fuskar kimiyyar da ɗalibai ke koyo a aji, wato nauyi, gogayya, gudu da dannin iska. Daga ƙarshe za mu ga yadda hatsarin ya tilasta wa hukuma kafa wata ƙa'ida wadda har yau injiniyoyi ke aiki da ita: a ƙera na'urar kare rai ta yadda in ta lalace, tsayawa za a yi.

Shirin Tafiya

Armagh wani tsohon gari ne a arewacin Ayalan, kuma a wancan zamani tsibirin duka yana ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Makarantar Lahadi ta cocin Methodist da ke garin ta shirya wa yaranta yawon shan iska zuwa Warrenpoint, wani gari na bakin teku mai nisan kimanin kilomita 39. Tafiyar ta yi farin jini, domin iyaye da maƙwabta da mabiya sauran ɗariƙu duk sun sayi tikiti. An yi tsammanin mutum 800, amma da safiyar ranar sai ga kimanin 940 a tasha.

Kamfanin jirgin, mai suna Great Northern Railway na Ayalan, ya aiko da inji guda mai aiki da tururi daga garin Dundalk. Injin ƙarami ne, ƙafafunsa 4 kawai ke ja, sauran na ɗaukar nauyi ne. Da aka ga yawan jama'a, sai aka mayar da taragan 15 maimakon 13. Direban, Thomas McGrath, bai taɓa tuƙa jirgi a kan wannan hanya ba, ko da yake ya taɓa bin ta a matsayin mai zuba wa inji kwal. Da farko ya nuna shakka a kan ko injin zai iya jan wannan kaya, har suka yi musayar kalamai da shugaban tasha. Amma da aka kawo shawarar a nemi taimakon injin jirgin fasinja da zai tashi bayansu, ko a rage taragai a bar wa wancan jirgi, sai direban ya ce zai iya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, ga shi kuwa a nan sai da fasinja suka cika tasha aka fara muhawara a kan ƙarfin inji.

Kafin a tashi an kulle ƙofofin taragai daga waje, kamar yadda aka saba yi wa jiragen yawon yara, don kada wanda ba shi da tikiti ya faɗa ciki. Jirgi ya ɗaga da ƙarfe 10:15 na safe.

Yadda Hatsarin Ya Auku

Daga fitowa tashar Armagh dogo ke fara hawan tudu, kuma hawan ya kai kusan kilomita 5. A mafi yawan wannan zango, duk mita 75 da jirgi ya ci, ya hau sama da mita 1. Jirgin ya yi ta hawa gudunsa na raguwa, har ya tsaya cik saura kimanin mita 180 ya kai ƙololuwar tudun.

Babban jami'in da kamfani ya ɗora wa alhakin wannan tafiya shi ne James Elliott, kuma yana kan injin tare da direba. Hanyoyi biyu ne a gabansa. Ta farko, ya tura mutum baya ya tsayar da jirgin fasinja mai biyo su, a sa injinsa ya turo su daga baya har su haye. Ta biyu, a raba jirgin gida biyu, inji ya kai kason farko tashar Hamiltonsbawn da ke gaba kaɗan, sannan ya komo ya ɗauki saura. Elliott ya zaɓi ta biyu. Aka yanke shawarar tafiya da taragai 5, a bar 10 a kan gangara da kimanin mutum 600 a cikinsu.

Mai kula da taragon ƙarshe ya murɗa birkin hannu, aka kuma cusa duwatsu a ƙarƙashin wasu ƙafafu. Daga nan aka cire mesar birki da ƙugiyar da ke tsakanin tarago na 5 da na 6. Da direba ya zo tayar da inji, sai kason gaba ya ɗan koma baya, abin da bai kai rabin mita ba, ya tunkuɗi kason da aka bari. Ƙafafun ƙarfe suka take duwatsun suka niƙe su, taragai 10 suka fara gangarawa sannu a hankali. Ma'aikata suka bi su da gudu suna ƙara cusa duwatsu, aka kuma yi ƙoƙarin komawa baya da inji a sake maƙala ƙugiya, amma duk a banza.

A daidai wannan lokaci jirgin fasinja na yau da kullum, wanda aka tsara zai tashi da ƙarfe 10:35, ya riga ya bar Armagh yana hawan wannan tudu, kuma dogon ƙwaya ɗaya ne. Direbansa ya hango taragai na tahowa daga nisan kimanin mita 450. Ya kama birki har ya rage gudunsa zuwa wajen kilomita 8 a awa. Su kuwa taragan sun riga sun gangaro kusan kilomita 2 da rabi, gudunsu ya kai wajen kilomita 64 a awa. Suka yi karo a kan wani dogon ciko mai tsayin kimanin mita 14. Taragai 3 na ƙarshe, waɗanda da katako aka yi jikinsu, suka tarwatse, mutane da ɓaraguzai suka zube gefen cikon. Injin jirgi na biyu ya kife. Taragansa su ma suka fara gangarawa baya, amma ma'aikatansa suka samu suka tsayar da su da birkin hannu.

Asarar da Aka Yi

Mutum 80 suka mutu, kimanin 260 suka jikkata, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗanda abin ya rutsa da su yara ne. Kulle ƙofofi ya ƙara wa abin muni, domin a mintocin farko, lokacin da taragan ke tafiya a hankali, da ƙofofi a buɗe suke da mutane da yawa sun dira lafiya. An ruwaito cewa wasu iyaye ta taga suka riƙa jefo 'ya'yansu.

Sojojin barikin garin sun fito aikin ceto, likitoci suka zo daga garuruwa har da Belfast. Armagh ƙaramin gari ne, saboda haka da wuya a sami unguwar da ba a yi zaman makoki ba, kuma an kwashe kwanaki ana binne gawawwaki. A lokacin, babu hatsarin jirgin ƙasa da ya taɓa cin rayuka masu yawan haka a Birtaniya, kuma har yau shi ne mafi muni a tarihin tsibirin Ayalan.

Dalili na Farko: Gangara da Ƙarancin Gogayya

Mai karatu zai iya tambaya, hawan mita 1 a cikin mita 75 har wani hawa ne? Mai keke ma da ƙyar zai lura da shi. Amsar tana cikin yadda aka ƙera jirgin ƙasa.

Ƙafar jirgi ƙarfe ce, dogo ma ƙarfe ne, duka biyun masu santsi da tauri. Don haka gogayyar da ke hana ƙafa mirginawa kaɗan ce ƙwarai. Wannan shi ne amfanin jirgin ƙasa, domin da ƙarfi kaɗan ake jan kaya mai yawa. Amma wannan ƙarancin gogayya yana da illa biyu. Ta farko, ƙafafun inji ba su kama dogo kamar yadda tayar roba ke kama kwalta, don haka hawa kaɗan kan gagari inji. Ta biyu, tarago da aka saki a kan gangara ba ya samun abin da zai riƙe shi.

Bari mu yi lissafi. Ƙasa tana jan kowane abu zuwa gare ta, wannan ja shi muke kira nauyi. A kan gangara, wani kaso na nauyin yana danna abu a kan hanya, wani kason kuma yana jan sa zuwa gindin tudu. A gangara mai 1 cikin 75, kason da ke ja zuwa gindin tudu shi ne nauyin abu a raba da 75. Ke nan kowane tan guda, wato kilo 1,000, ana jan sa da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 13 da ɗoriya. Gogayyar mirginawar ƙafafun tarago kuwa 'yan kilo kaɗan ce a kan kowane tan, ba ta kusa da 13 ba.

Don sauƙin lissafi, mu ɗauka taragai 10 da mutanen cikinsu sun kai tan 100. Ƙarfin da ke jan su baya zai zama 100 a raba da 75, wato tan 1.3. Mu kuma ɗauka taragon da ke da birkin hannu tan 10 ne. Komai ƙarfin da aka murɗa birki da shi, iyakar abin da zai yi shi ne ya hana ƙafafun wannan tarago juyawa, daga nan sai su riƙa zamewa a kan dogo. Idan kamun ƙarfe da ƙarfe ya kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyi, to riƙon taragon bai wuce tan 2 ba. Tan 2 ya fi tan 1.3, saboda haka taragan za su iya zama a tsaye, amma ratar ba ta da yawa. In birkin bai ɗauru sosai ba, ko aka tunkuɗi taragan, ratar ta tafi. Bugu da ƙari, abin da ke zamewa bai kai abin da ke tsaye kamu ba, kamar yadda duk wanda ya taɓa tura buhun hatsi a kan siminti ya sani: farkon turawa ya fi wuya.

Sai batun gudu. Tarago da ya gangaro mita 2,400 a kan irin wannan gangara ya sauko ƙasa da mita 32, wato 2,400 a raba da 75. Da babu gogayya ko kaɗan, gudunsa zai yi daidai da na dutsen da aka saki daga tsayin mita 32, wato kimanin mita 25 a daƙiƙa, ko kilomita 90 a awa. Gogayya da ɗan abin da birkin hannu ya riƙe su suka rage shi zuwa wajen 64. Duk da haka, karo a gudun kilomita 64 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 16, kamar bene mai hawa 5. A lura kuma cewa kuzarin abu mai motsi yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu: in gudu ya ninka sau 2, kuzari ya ninka sau 4. Shi ya sa mintin farko ne kaɗai lokacin da ake da damar tsayar da taragan.

Dalili na Biyu: Birkin da Ke Saki In Ya Lalace

Jirgin Armagh yana da birki a kan taragansa, wanda direba ke sarrafawa daga inji. To me ya hana shi aiki? Kafin mu amsa, sai mun fahimci dannin iska.

Iskar da ke kewaye da mu tana da nauyi, kuma tana danna kowane abu da ƙarfin kimanin kilo 1 a kan kowace murabba'in santimita. Ba mu jin wannan danni ne saboda yana zuwa ta kowane ɓangare daidai wa daida. Amma in aka zuƙe iska daga gefe ɗaya na wani abu, iskar ɗaya gefen za ta tura shi da ƙarfi. Haka abin yake idan muna shan lemo da tsinke: mun rage iskar cikin tsinken, iskar waje ta danno lemon sama.

Injiniyoyi sun yi amfani da wannan wajen ƙera birki. Ana shimfiɗa bututu daga inji har taragon ƙarshe, ana haɗa shi da mesa tsakanin tarago da tarago. A ƙarƙashin tarago akwai silinda mai fistin a ciki, fistin kuma yana haɗe da sandunan da ke matse takalman birki a jikin ƙafa. A kan inji akwai na'urar da ke amfani da tururi ta zuƙe iskar bututun. Idan faɗin fistin ya kai murabba'in santimita 1,000, aka kuma zuƙe kashi biyu cikin uku na iskar gefe ɗaya, iskar waje za ta tura shi da ƙarfin da ya haura kilo 600. Wannan ƙarfi kyauta ne daga sararin samaniya.

Sai dai akwai hanyoyi biyu na tsara wannan birki, kuma bambancinsu shi ne zuciyar darasinmu.

A tsari na farko, wanda aka sani da birkin Smith, bututu cike yake da iska yayin da jirgi ke tafiya. In direba yana son tsayawa sai ya zuƙe iskar, birki ya kama. Tsarin yana da araha da sauƙi. Aibinsa shi ne, da zarar mesa ta tsinke ko aka cire ta, iska za ta kwarara ciki, birki ya saki, kuma taragan da suka rabu da inji ba su da sauran hanyar kama shi. Irin wannan ne a jikin jirgin Armagh. Lokacin da ma'aikaci ya cire mesa tsakanin tarago na 5 da na 6, ya saki birkin duk taragan baya ne da hannunsa, aka bar su da birkin hannu guda da duwatsu.

A tsari na biyu an juya abin. Inji yana zuƙe iska a kowane lokaci daga sama da ƙasan fistin, kuma muddin babu iska a bututu, birki a sake yake. In direba yana son tsayawa sai ya buɗe bawul iska ta shiga bututu. Iskar tana shiga ƙasan fistin kaɗai, domin wani ɗan bawul yana hana ta isa sama, sai ta tura fistin birki ya kama. Yanzu a duba abin da zai faru in mesa ta tsinke, ko jirgi ya rabu biyu, ko wani ya cire mesa bisa kuskure: iska za ta shiga, kowane tarago ya kama birkinsa da kansa. Wannan shi ake kira birki mai kama kansa. Da shi ne a jikin jirgin Armagh, da cire mesar nan ya ɗaure ƙafafun taragan nan 10 a inda suke.

Abin takaici shi ne, wannan ilimi ba sabo ba ne a 1889. A Amurka, George Westinghouse ya ƙera birki mai kama kansa da ke aiki da matsattsiyar iska tun 1872. A Ingila an yi babban gwajin birkuna iri-iri a kusa da garin Newark a 1875. A 1878 an yi dokar da ta sa kamfanoni su riƙa ba da rahoton irin birkin da suke amfani da shi. Hukumar Ciniki ta Birtaniya, wadda ke sa ido a kan jiragen ƙasa, ta yi shekaru tana ba kamfanoni shawarar su koma ga birki mai kama kansa, amma ba ta da ikon tilasta musu, wasu kuwa suka ƙi saboda tsada.

Dalili na Uku: Tazarar Lokaci

Me ya sa aka saki jirgi na biyu alhali na farko bai fita daga hanya ba? A kan wannan dogo ana aiki ne da tsarin tazarar lokaci. Wato in jirgi ya tashi, sai a jira wasu mintoci da ƙa'ida ta tanada, sannan a saki na bayansa. A ranar fiye da minti 20 sun wuce, don haka shugaban tasha bai karya ƙa'ida ba. Amma agogo ba ya faɗa wa mutum inda jirgi yake. Tsarin ya ginu ne a kan zaton cewa jirgin gaba yana tafiya, ranar da ya tsaya kuwa zaton ya rushe.

Akwai tsarin da ya fi wannan, wato tazarar wuri. Ana raba dogo zango-zango, kowane zango da mai sigina a bakinsa. Ba a barin jirgi ya shiga zango sai mai sigina na gaba ya aiko da saƙo ta wayar tangaraho cewa jirgin farko ya fita, kuma ya fita da dukkan taragansa. In saƙo bai zo ba, jirgi ba ya motsi. Wannan tsari ba zai hana taragan Armagh gangarowa ba, amma da ana aiki da shi, da jirgi na biyu bai kasance a kan tudun nan yana tunkarar su ba.

Bincike da Shari'a

Hukumar Ciniki ta tura sufetonta, Manjo Janar C. S. Hutchinson, ya binciki lamarin. Bai tsaya ga jin shaidu kaɗai ba, sai da ya sa aka haɗa jirgi mai nauyi irin na ranar aka gwada a kan wannan tudu. Gwajin ya nuna cewa injin zai iya haye tudun in an sarrafa shi da gwaninta, kuma birkin hannu da aka ɗaure yadda ya kamata zai iya riƙe taragan a tsaye. Rahotonsa ya ɗora laifi a kan shawarar raba jirgin, da rashin isasshen birki a kason baya, da barin inji ya koma baya, da kuma tura direban da bai san hanya ba da injin da ƙarfinsa ya yi kaɗan ga irin wannan kaya. Ya kuma bayyana cewa birki mai kama kansa zai iya hana hatsarin aukuwa.

An gurfanar da wasu ma'aikata a gaban kotu bisa tuhumar kisa ba da niyya ba, amma a ƙarshe ba a sami ko ɗaya da laifi ba. Wannan ya bar tambaya mafi girma a gaban jama'a. Mutane za su ci gaba da yin kuskure, a gajiye ko a firgice ko cikin gaggawa. Shin daidai ne a bar rayukan mutum 600 su rataya a kan hannun mutum guda da 'yan duwatsu?

Dokar 1889 da Abin da Ya Biyo Baya

Majalisar Dokokin Birtaniya ta amsa cikin hanzari. Kafin ƙarshen watan Agusta na 1889, ƙasa da wata 3 bayan hatsarin, an zartar da dokar da ta ba Hukumar Ciniki ikon tilasta wa kamfanoni abubuwa uku a kan hanyoyin jiragen fasinja. Na farko, aiki da tsarin tazarar wuri. Na biyu, sarƙe sigina da makarkatar dogo ta yadda ba zai yiwu a nuna wa direba alamar wucewa ba sai hanya ta daidaita. Na uku, sanya birki mai kama kansa a jiragen fasinja, wanda zai kama nan take in jirgi ya rabu. Masana tarihin sufuri suna ɗaukar wannan doka a matsayin mafarin zamanin kiyaye lafiyar fasinja a jiragen Birtaniya. Amurka ma ta yi tata dokar a 1893. Birkin zuƙe iska mai kama kansa ya bi injiniyoyin Ingila zuwa ƙasashen da suka shimfiɗa wa dogo, irin su Indiya, Afirka ta Kudu da Nijeriya.

Ƙa'idar ta wuce jirgin ƙasa. Birkin ajiye manyan motoci na zamani yana da wani ƙaƙƙarfan sifirin da ke matse birki, iska ce ke danne shi don mota ta tafi. In iska ta zube, sifirin ya kama ƙafa. Shi ya sa direban tirela ke jira iska ta taru kafin ya ja mota da safe. Haka nan siginar dogo ta lantarki: in waya ta tsinke ko wuta ta ɗauke, alamar tsayawa take nunawa.

Amma na'ura ba ta ɗauke wa mutum wajibcin lura. A ranar 5 ga Yuli 2013, a ƙasar Kanada, an ajiye jirgin dakon ɗanyen mai a kan gangara da dare ba kowa a ciki. Birkunan hannu da aka ɗaure ba su isa riƙe shi ba, sauran riƙon ya dogara ga birkin iska na injuna. Wuta ta tashi a injin da aka bari yana aiki, aka kashe shi, iska ta riƙa zurarewa a hankali har birkin ya saki. Jirgin ya gangaro kimanin kilomita 11 ya kife a tsakiyar garin Lac-Mégantic, man ya kama da wuta, mutum 47 suka mutu. Shekara 124 ke tsakanin hatsarin biyu, amma lissafin gangara da birkin hannu bai sauya ba.

Shi kuwa dogon da hatsarin Armagh ya auku a kansa an rufe shi a 1933, kuma jirgin ƙasa ya daina zuwa garin baki ɗaya a 1957. A 2014, shekara 125 bayan hatsarin, an kafa abin tunawa a tsakiyar garin: mutum-mutumin wata yarinya riƙe da ɗan bokiti da shebur na wasan yashi a bakin teku.

Gwaji a Cikin Aji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai waɗannan abubuwa da kayan da ba su da tsada.

1. A sami katako mai santsi mai tsawon santimita 150, a ɗaga gefe ɗaya da santimita 2. Wannan ita ce gangara mai 1 cikin 75. A ɗora kwalin ashana, a ga ko zai motsa. Sannan a kwantar da batirin tocila ta yadda zai iya mirginawa. Ɗalibai su bayyana dalilin bambancin.

2. A sami sabon sirinji marar allura. A tura fistin ɗinsa har ƙarshe, a toshe bakin da yatsa, a ja fistin baya, sannan a saki. Me ya mayar da shi? A sake ja, amma a wannan karon a ɗauke yatsa kafin a saki fistin. Wane irin birki wannan ya yi kama da shi idan mesarsa ta tsinke?

Tambayoyi

1. Jirgi mai nauyin tan 300 yana tsaye a kan gangara mai 1 cikin 100. Nawa ne ƙarfin da ke jan sa zuwa gindin tudu?
2. Mota ta ƙara gudu daga kilomita 30 zuwa 90 a awa. Sau nawa kuzarin motsinta ya ninka?
3. Bayyana bambancin tazarar lokaci da tazarar wuri.
4. Kawo na'ura guda a gida ko a makaranta wadda ke yanke aiki da kanta in matsala ta auku.

Kammalawa

Mun ga cewa hatsarin Armagh ya faru ne sakamakon kurakurai da suka haɗu a safiya ɗaya: ƙaramin inji, direban da bai san hanya ba, shawarar raba jirgi a kan gangara, ƙofofi a kulle, da jirgi na biyu da aka saki bisa agogo. Amma da birkin taragan irin mai kama kansa ne, da duk waɗannan kurakurai sun ƙare a kan jinkirin tafiya kawai. Don haka ɗalibin da ke burin zama injiniya, ko makaniki, ko ma'aikacin lantarki, ya saba wa kansa da tambaya biyu a kan kowace na'ura da ya tarar. Ta farko, yaya take aiki? Ta biyu, ranar da wayarta ta tsinke ko mesarta ta fashe, me za ta yi wa mutanen da suka dogara da ita?